Miji Ɗaya, Gari Uku

Shekarar da Shari'a ta kankama a Zamfara ita ce shekarar da maigidana ya kusa zuwa Ingila. Na ce ya kusa ne saboda har yau haka ake faɗi a gidansu, sai ka ce ya kai bakin ƙofar ƙasar aka ce ya ɗan tsaya ana shara. Iyakarsa Legas. Kwana biyar ya yi, ya dawo da mura da wata takarda a aljihun kwat.

Malamin asibiti ne, nas. A Ƙaura Namoda muke zaune lokacin, ɗaki biyu na haya a bayan tashar jirgin ƙasa, inda duk ranar da jirgi ya ga dama ya zo sai kwanukan jerena su yi ta ƙara su kaɗai. Ina goyon 'yar fari, shekararta ɗaya da wata biyar, tana tafiya tana dafa bango. Ni kuwa haka Allah ya yi ni tun ina ƙarama, abu kaɗan gabana ya faɗi. In ta yi tari sau biyu na fara auna nisan asibiti, alhali can ubanta yake wuni.

Wani abokin karatunsa da ya riga shi tafiya shi ya haɗa shi da masu wani gida a can, gidan da ake tara tsofaffi. Da ya yi mini bayani sai da na sa ya maimaita. Wai mutum ya haife ka, ya yi ɗawainiyarka, in ya tsufa ka kai shi wani gida ka ajiye, a ɗauko baƙo tun daga Zamfara ya riƙa yi masa wanka. Na ce to Allah ya kyauta. Ya ce ni ban san ci gaba ba. Masu gidan suka nema masa izinin aiki a wurin hukumarsu, suka aiko da takardar cikin wani ƙaton ambulan. Abu ɗaya ya rage, ya je ofishin jakadancinsu a buga masa biza a fasfo.

Wannan abu ɗayan ne bai tsaya jira ba. Ya rubuta takardar ajiye aiki ya kai yana murmushi. Ya mayar wa mai gida makullan ɗakunanmu. Ya je Gusau ya sayo kwat na gwanjo mai nauyin rabin buhun gero, ya sa shi a tsakiyar bazara aka ɗauke shi hoto gumi na bin wuyansa. Sannan ya shiga bankwana. Mutanenmu ba sa tafiya mai nisa sai sun bi dangi gida-gida sun nemi gafara, shi kuwa ya yi abin har ya wuce sunna. Ya bi Zurmi, garin haihuwarsa, unguwa-unguwa. Ya je Shinkafi, inda ya tashi a hannun gwaggonsa, ya kuma zaɓi ranar kasuwa don kada wani ya ce bai gani ba. Har Badarawa sai da ya leƙa wurin wata tsohuwa da ba ta ma gane shi ba. Kowa da saƙonsa: wannan agogo, wannan rediyo, wani dattijo maganin gwiwa. Ya rubuta duka a ɗan littafi. Aka yanka rago, aka yi sauka, aka raba waina.

Ni da yarinya da gadona da kwanukana aka loda mu a akori-kura sai Zurmi, gidan iyayensa, wai in zauna wurin Inna, mahaifiyarsa, kafin ya kintsa ya aiko a ɗauke mu. Aka ba ni wani ɗaki da ake ajiye buhunan gyaɗa, warin bai taɓa fita ba. Ranar da zai tafi Legas aka raka shi tasha sai ka ce maniyyaci. Inna ta yi kuka a tsakar gida, ni na yi nawa a bayan rumbu.

Da ya dawo bai shigo ciki ba, zaure ya zauna. Mahaifinsa, Baba Malam, tsohon magatakardan kotu ne kuma malami, zaurensa ba ya rabuwa da manyan gari masu ɗaukar karatu da masu ɗaukar labari. Bangon ɗakina shi ne bangon zauren, akwai kuma wata 'yar taga can sama, don haka ko tari aka yi a kunnena.

"An hana ni," na ji ya ce.

Wani ya yi salati. Baba Malam ya ce, "Dalili?"

Sai wani maƙwabci, dillalin shanu wanda bai taɓa wuce Funtuwa ba, ya amsa masa. "Wane dalili kuma, Malam? Zamfara sunka gani ga takarda. Shari'a ta. Ai ba su son mu, tun da munka tsaida hukuncin Allah ba su barci."

Maigidana ya ce, "Uhm."

Wannan uhm ɗin shi ya cinye mini damina guda.

A labarin da ya bayar ranar farko, Baturen da ke bayan gilashi duba fasfo kawai ya yi ya turo masa. Bayan kwana uku Baturen ya tambaye shi ko daga jihar nan yake da ake yin bulala. Kafin sati biyu Bature ya zama biyu, ɗaya mace, maigidana kuma ya miƙe tsaye ya gaya musu ba zai sayar da addininsa don wankan tsofaffinsu ba, har mutanen da ke layi suna jinjina masa. Mutumin da in kare ya yi haushi a lungu sai ya sake hanya. Masu zuwa jaje suka koma masu zuwa barka. Ya bar gemu, ya kai wandunansa wurin tela aka ɗage su. In liman ya makara a gona shi ake turawa ya ja la'asar. Masu saƙon agogo da rediyo ba wanda ya ɗaga maganar, wa zai tambayi agogo wurin wanda aka zalunta saboda Allah?

Wannan labarin zaure ke nan. Cikin gida ba ruwan kowa da Bature.

Gwaggon Shinkafi ta zo jaje da ƙullin kayanta, jajen ya zama zama. Wata rana da hantsi ina tankaɗe a bakin madafa, ita da Inna suna ƙarƙashin darbejiya suna tsinke zogale. Ba su ko rage murya ba, wataƙila sun ɗauka rariya na toshe kunne.

"Ni tun randa anka kawo ta na duba tahiyatta," in ji gwaggo. "Ba ta aza dudduge ƙasa. Irin wagga ƙahwa ko rijiya ta tsallake sai ta ƙahe."

"Babur ɗinai wata biyu da biki anka sace," in ji Inna.

"Kin gani."

"Ga tunkiyata mai ciki."

"Kin gani! Yanzu ga Ingila. Yaro ya kai bakin arziki an maido shi. Mi kuke jira, sai gidan ya kama wuta?"

"A bari dai ta yaye ɗiyar. Ba a raba yaro da nono."

"Yaushe ke nan?"

"In anka yanke gero."

Farar ƙafa suke nufi, matar da in ta shigo gida alheri ya fice. Ba a sa ƙarin girman da ya samu bayan aurenmu a cikin lissafin ba. Ba a ce babur ɗin a buɗe ya bar shi ya shiga kallon ƙwallo ba, ba a ce tunkiyar leda ta ci ba. Ƙafata ce ta sace babur, ita ta kashe tunkiya, ita ta bi shi har Legas ta riƙe hannun Bature.

Na gane tsarin sarai. A yanke gero, a yaye yarinya, a miƙo mini takardata in koma gidanmu a Banga da akwati, ita kuma ta zauna wurin kakarta. Abin da ya fi ci mini rai, ko kukan abin ba ni da ikon yi a fili. 'Yar fari ce, a wurinmu kuwa uwa ba ta nuna ta san 'yar fari. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta gaban surukai sai in nono za ta sha, in ta faɗi ta fasa baki sai in kau da kai wata ta ɗaga ta. Kunya ke nan, da ita ake gane 'yar mutunci. Don haka na ci gaba da tankaɗe. Daga ranar kullum sai na taka turmi na leƙa gonar bayan gida ta kan katanga, ina duba gero, ina jin haushin yadda yake tsawo.

Na gaya wa maigida abin da na ji. Yana tsaye gaban madubi yana daidaita sabon gemu.

"Maganar mata ta," ya ce. "Ki yi haƙuri."

"In sunka ce ka sake ni hwa?"

"Wa ya ce?"

Bai ce ba zai yi ba. Ni dai abin da na lura da shi ke nan.

Wata rana aka tafka ruwa da azahar, rufin ɗakin gyaɗa ya yi yoyo daidai kan jakar takardunsa. Washegari da rana ta fito ya ce in shanya masa su, ya fice zaure. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa na jera su, na danne kowace da dutse.

Karatuna aji huɗu ne na firamare, daga nan iska ta yaye rufin ajinmu, malamin ya daina zuwa, mu ma muka daina. Turanci ba na ji. Amma akwai kalmomi uku da ko daga barci aka tashe ni zan karanta, don su ne a rubuce a goshin motocin tasha tun ina yarinya. Na buɗe fasfo: sunansa, sunan Baba Malam, sai ZURMI. Takardun makaranta, da ta koyon aikin nas, da babbar takardar masu gidan tsofaffi: sunansa, sai SHINKAFI. Takardar shaidar aiki daga asibiti: sunansa, sai KAURA.

Na san asalin kowanne, shi ya ba ni labari da bakinsa tun yana zuwa zance, yana dariya. Da gwaggo ta kai shi makaranta a Shinkafi an ishe masu irin sunansa sun kai shida a aji, hedimasta ya bi su yana liƙa wa kowa sunan gari, shi aka ba shi na garin da yake kwana. Da aka yanke mana jiha daga Sakkwato ana rabon guraben aiki ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma, na Zurmi sun cika, na Ƙaura da saura, sai ya samo takardar zama ɗan Ƙaura, ya kira wannan wayo. Da ya tashi yin fasfo kuma sai kishin gida ya motsa, ya ce duniya ta san daga Zurmi ya fito. A wurinmu wannan ba komai ba ne. Rabin ma'aikatan jihar sunan gari suke amsawa, kowa kuma ya san ɗan wane ne.

Sai na ɗauko takardar Legas. Na bi ta layi-layi da yatsa. Kalmomin nan uku duk suna ciki, kusa da juna, a wuri ɗaya. Na nemi kalmar Shari'a, don ita ma na san kamanninta da boko, a lokacin ba bango ba mota da ba a manna ta ba. Na bi har sau uku. Babu ita.

Katin rigakafin yarinya a Ƙaura yake, Inna kuma tana tsoron ƙyanda fiye da yadda take ƙin ƙafata, don haka ba ta hana ni ba. Na soke takardar a cikin zanen goyo. A mota maza gaba, mata baya, sabon tsari, direba ya ɗaura wani tsohon zane a tsakani yana ta kaɗawa yana marin wani alhaji a ƙeya. Har muka kai ina jin takardar tana motsi a bayana, ina ganin kamar kowa ya san da ita.

Bayan an ɗiga wa yarinya magani na wuce wurin tsohuwar maƙwabciyarmu. 'Yar Binuwai ce, Kirista, tana da shagon buga takardu kusa da sakatariya, Madam kowa ke ce mata. Tun da aka fara Shari'a take yafa gyale, yana zamewa tana janyo shi.

"Maman Bebi!" ta ce. "Kin rame haka? Oga ya tafi London ya bar ki da yunwa?"

"Bai tahi ba, Madam. Don Allah karanta mini wagga."

Ta sa tabarau. Leɓɓanta na motsi, na zuba musu ido. Can sai ta fashe da dariya har gyalen ya faɗi ƙasa.

"Wannan ciwon mutanenku ne! Kullum sai na buga wa wani takarda a kansa. Sun ce wanda aka ba aiki Shinkafi ne. Wanda ya kawo fasfo Zurmi ne. Wanda asibiti ya yi wa shaida Kaura ne. Sun ce ba su yarda mutum ɗaya ne ba. Ko ni aka kawo wa, zan ce 'yan'uwa uku ne suke raba takarda ɗaya."

"Ba maganar Shari'a?"

"Wane Shari'a? Ina ruwan Shari'a da wannan?"

"Ba su ce komai ba bisa... iyalinai? Matatai?"

"Ke? Ba su ma san kina duniya ba."

Ban taɓa jin daɗin rashin sanina kamar ranar ba.

"Ana gyarawa?" na ce.

"Sosai. Ya je kotu ya yi rantsuwa duk shi ne, a buga a jarida, ya sake nema. Ga shi ma sun rubuta masa a ƙasa yana iya sake nema. Amma ya yi sauri, izinin aikin nan yana da wa'adi."

Na miƙe ina gyara goyo. "To bari in yi sauri in gaya mai. Wallahi zai ji daɗi."

Madam ta cire tabarau ta dube ni, irin duban da ake wa yaron da ya ci ƙasa.

"Maman Bebi," ta ce, "Oga ya fi ni Turanci."

Na koma na zauna kan benci. Na tuna safiyar da ya tsaya gaban madubi yana ce mini maganar mata ce, takardar nan tana cikin jaka taku biyu daga ƙafarsa, ya san kowane baƙi da ke cikinta. Ashe ni da gemun aka ɗora a sikeli, gemun ya rinjaya. Madam ta sa takardar a inji ta yi mata hoto uku, ta zuba su a durowa, ta sayo wa yarinya biskit.

Na ishe shi a ɗaki bayan la'asar yana shan fura. Na tura ƙofa, abin da ba na yi da rana. Na durƙusa kamar yadda na saba, na ajiye takardar a gabansa.

"Ina kinka samu wagga?"

"Inda ka ce in shanya."

"An karanta miki?"

"An karanta."

Ya ajiye ludayi, ya ninke takardar ya tura aljihu.

"Madam ta yi mata hoto ukku," na ce. "Suna wurinta."

"Kin kai asirina kasuwa?"

"Asirinka na aljihunka, Malam. Ƙahwata ce ke tsakar gida ana aunawa."

"To mi kike so in yi? In hita zaure in ce ƙarya nika yi? Ni na ce Shari'a? Su sunka ce!"

"Kai ka ce uhm."



"Ban ce ka taɓa zaure ba," na ce. "Zaure naka na, ka ƙara Bature na ukku in kana so. Inna nika so ka gaya ma."

"In na ƙiya hwa?"

"Sai in tahi wurin Shari'ar da ta hana ka Ingila. Ai an ce yanzu ko mace ta kai kuka kotu ana saurarenta. In ce ana jihwata da abin da ban yi ba, za a raba ni da ɗiyata. Alƙali ya ce mi ya kawo maganar, in miƙa mai takarda, ya ba magatakarda ya karanta da ƙarhi."

Ya zuba mini ido. Ina jin ba kotun ce ta fara razana shi ba, kalmar ɗiyata ce, don bai taɓa jin ta a bakina ba. Daga baya kotun ta iso masa: magatakardan da ke kai a lokacin ɗalibin Baba Malam ne, kullum yana zaure, yana cikin masu kabbara in an zo wurin da maigidana ya miƙe tsaye gaban Turawa.

Gaskiya ban san ko ƙofar kotun gabas take kallo ko yamma ba. Ban san ko alƙali na sauraren irin wannan ƙara ba. Da ya daka mini tsawa ɗaya mai kyau wataƙila da na ba shi haƙuri. Amma shi ma bai san haka ba. Ya ce mini mara kunya, ya ce 'yar aji huɗu, ya ce laifinsa ne da ya zaunar da ni kusa da tashar jirgi na yi ido. Ya shuri takalmi ya fita ya bar furar.

Kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Na shiga uku a raina, na ce shi ke nan na yanke geron da hannuna tun bai nuna ba. A rana ta uku da safe ya shiga gaida Inna, gwaggo na gefe tana shan kunu. Na ɗauki tsintsiya na kama sharar wurin da na riga na share.

"Inna, dama akwai wata 'yar magana bisa tahiyan nan," ya ce. "An sake bincike."

An sake bincike! Na kusa yar da tsintsiyar.

"Ashe har da matsalar suna."

"Wane suna? Wanda ubanka ya raɗa ma?"

"A'a, na gari. Takardun makaranta Shinkafi anka rubuta, fasfo kuma Zurmi. Sai sunka ɗauka mutum biyu na."

Mutum biyu. Na Ƙaura, wanda shi ya ƙulla da hannunsa, ya bar shi a aljihu.

"To Shari'ar hwa?" in ji Inna.

"Har da ita."

Inna ba ta ko saurari wannan ba. Ta juya a hankali ta fuskanci gwaggo.

"Shinkafi?" ta ce. "Ɗana? Riƙo na ba ku, ban ba ku kyauta ba! Ashe shekara da shekaru ɗana ɗan Shinkafi na ga takardar gwamnati, ni ina nan zaune ban sani ba?"

"Ni na riƙe alƙalamin? Hedimasta ya rubuta!"

"Gaban wa? Wa ya kai shi?"

"Tuwon wa ya ci shekara goma sha biyu? Da mun bar muku shi nan da yanzu jaki shika kora!"

"Da jakin ya kai shi Ingila!"

Daga nan suka bar Ingila suka koma baya. Aka tono wata tasa da aka ara tun bikin wani ba a maido ba, aka tono maganar da gwaggo ta faɗa ranar da aka kawo Inna gidan tana amarya. Maigidana ya sulale zaure, inda ake ganin girmansa. Kafin azahar gwaggo ta ɗaure ƙullinta ta nufi tasha, ko sallama ba ta yi wa ɗan'uwanta ba.

Ba wanda ya ba ni haƙuri, kada wani ya ɗauka haka. An dai manta da ƙafata ne kamar yadda ake manta tsohuwar tabarma in an sayo sabuwa. Babur da tunkiya ma Inna ta mayar da su kan mutanen Shinkafi, wai dama hannunsu ba shi da albarka. Da yamma ta miƙo mini ludayin miya ta ce in raba, abin da ba ta taɓa bari na yi ba.

Rantsuwar ya je ya yi ta, amma a Gusau, a ɓoye, bayan ya ɓata makonni yana shawarar wane gari zai zaɓa wanda ba zai jawo wani faɗan ba. Kafin jarida ta fito wa'adi ya wuce, masu gidan tsofaffi suka rubuto cikin ladabi cewa sun ɗauki wani. Ya koma asibitin da ya bari, aka ce gurbinsa ya cika tuni. Daga ƙarshe wani ƙaramin asibitin kuɗi a Ƙaura ya ɗauke shi, muka samu ɗaki ɗaya, gadona ya cinye rabinsa. A zauren Baba Malam kuwa Turawan nan biyu suna nan da ransu, na ji an ce macen har ta yi hawaye.

Aka yanke gero. Lokacin yaye ya yi, yaye kuma a wurin kaka ake yinsa, wannan ba ni da yadda zan yi da shi. Ni da kaina na goya ta na kai ta Zurmi, na sauke ta a tsakar gida, na gaida Inna, na juya ban waiwaya ba tana kirana. Kwana bakwai aka ce. Nono ya kumbura ya yi mini dutse, na kasa ɗaga hannu in yi daka. Duk da an daina maganar ƙafa, zuciyata ba ta daina ba. Na ce in gwaggo ta aiko an shirya fa? In Inna ta ce yarinya ta saba a bar ta fa? Kowace mota ta tsaya a bakin layi sai na leƙa.

A rana ta takwas da hantsi na ji sallamar Inna a ƙofar gida. Ita da kanta ta shigo mota, ita da ba ta taɓa taka ɗakinmu na Ƙaura ba. Ta kwance goyo tana nishi.

"Ga kayanku," ta ce. "Ta cinye mini ƙwai, ta kori kaji, ta hana ni sallar walha. Ba ni ruwa."

Na kawo mata ruwa. Na miƙa wa yarinya hannu, sai ta dube ni sama da ƙasa, ta juya ta cusa fuska a cinyar kakarta. Fushi take da ni. Na dama mata kunu ta ture, Inna ta ba ta ta shanye. Da Inna za ta tafi sai da aka ɓamɓare ta daga zanenta tana ihu, maƙwabta suna leƙe. Ranar ba ta ci daga hannuna ba, washegari ma sai daga hannun ubanta. Sai a rana ta uku ta zo da kanta ta zauna tsakanin ƙafafuna, ta ba ni baya, ta yarda na tsefe mata kai.